Tsohon da Ya Ce Turanci Kayan Aro Ne

Ranar Talata da hantsi, ina tsaye gaban aji a Gummi da alli a hannuna, waya ta yi ƙara cikin jaka. Baffana ne, ƙanen mahaifina. Bai ja zance ba. "Tsoho ya cika. Ki taho." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna kan bencin wata ɗaliba ban ma san na zauna ba. Tsoho kakana ne, shi ya haifi Baba. Ya haura casa'in, saboda haka ba mai cewa mutuwa ta yi gaggawa. Ni dai ta yi mini gaggawa, don akwai gardamar da ba mu ƙarasa ba.

Kafin ɗan kabu-kabu ya gama karya mini baya a hanyar garinmu, can gaba da Adabka, har an kai shi makwancinsa. Na tarar da gida cike maƙil. Na yi zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mace za ta shigo tana hawaye, ta yi gaisuwa, ta zauna, can sai ka ga kafaɗunta na rawa, ka rasa kuka take ko dariya. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta fasa ƙwan. Ta dubi bokitin da aka kawo ruwa a ciki, ta share ido da bakin zane, ta ce, "Yanzu wa za shi hwaɗa muna asalin bokiti?" Ɗaki ya ɗauka da dariya. Inna, mahaifiyata, ta toshe baki tana cewa a'uzubillahi, a gidan mutuwa, amma ita ma ba ta iya tsayawa ba.

A waje ma haka. Ta bayan ƙyauren zaure na ji Liman yana cewa, "Allah Shi gafarta mishi. Na shaide shi, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai lokacin mutane." Maza suka ce amin da wata irin murya. Wani dattijo ya ce rijiyar unguwarsu Tsoho ya nuna inda za a haƙa. Wani ya ce ya taɓa rasa motar kasuwa sau biyu a rana ɗaya saboda ya tsaya gaishe shi.

Akwai kuma wasu baƙi da ba mu sani ba, maza ƙarfafa, hannuwansu duk kanta, ƙurar dutse ta zauna musu a farce. 'Yan haƙar zinari ne daga dajin da ke yamma da mu. Sun yi gaisuwa kamar kowa, amma ba su tashi ba. Babbansu, wani dogo mai hausar gabas, ya matsa kusa da Baffa ya yi ƙasa da murya: adakar marigayi fa, tana nan?

Adakar nan ita ce dalilin wannan rubutu. Baffa ya rantse sai ya ƙone ta ranar sadakar bakwai, ni kuma na rantse sai dai a ƙone mu tare. Amma bari in fara gaya muku wane ne mai ita.

Ɗan gidan malamai ne. Ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa littattafan Larabci daidai gwargwado, sannan ƙafa ta yi masa ƙaiƙayi ya tafi cin rani kudu. Can ya faɗa aikin wani kamfani mai haƙa rijiyoyi, ƙarƙashin wani injiniya Bayahude. Wata rana kare ya shiga tsakanin kayan aiki, injiniyan ya daka masa tsawa da harshensu, ya ce "kelev". Tsoho ya ajiye shebur. Ya nuna karen ya ce "kalbu", wato yadda ake cewa da Larabci. Injiniya ya zaro ido. Ya nuna kansa ya ce "rosh", Tsoho ya ce "ra'su". Ya nuna ɗaki ya ce "bayit", Tsoho ya ce "baitu". A yadda yake ba mu labari, ranar ba a ƙara haƙa ko taki ɗaya ba. Shekara biyu suka yi suna nuna wa juna abubuwa da yatsa. Da zai dawo gida, mutumin ya ba shi wani ɗan littafi, Ibraniyanci a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen. Da shi ya dawo, da sanin inda ruwa ke kwance a ƙasa, da wata malafa da ta riga shi tsufa.

Tun da na buɗi ido na san shi da magana ɗaya: Turanci ba harshen kansa ba ne. Ibraniyanci ne, harshen mutanen Annabi Musa, ya yi yawon duniya har ya lalace a bakin Turawa. "Bature bai ƙagi komi ba," in ji shi. "Aro yay yi, yam mance mai kaya. Turanci kayan aro na."

Ba fa Turancin yake ji ba. Yakan kunna rediyo ya murɗa zuwa inda ake Turanci, ya kanga kunne, yana cafke kalma ɗai-ɗai kamar mai kamun fara. In ya kama ɗaya sai ya kashe rediyon, ko da ana tsakiyar labarin juyin mulki ne. Ya ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya buɗe sabon shafi, ya sa Bismillah a sama. Ya rubuta kalmar da ajami yadda kunnensa ya ji ta, ya zana ta Ibraniyanci da baƙaƙen nan masu kama da ƙugiyoyi, ya sa ma'ana da Hausa. In littafi ya cika, ya shiga adaka. Adakar ƙarfe ce, shuɗiya, da kwaɗo, makullin yana rataye a wuyansa tare da tsinken sakace.

Ni yake kira Amarya, irin wasan kaka da jika. Ni kuma nakan ce ya sake ni, na gaji da miji marar haƙori. Ina da shekara tara ya tilasta mini koyon ƙugiyoyin nan, da alkawarin ƙuli-ƙuli. Ƙuli-ƙulin bai cika zuwa ba, amma baƙaƙen sun zauna.

"Amarya, yaya Bature ka ce ma raƙumi?"

"Kamal."

"Bayahude gamal. Balarabe jamal. To, Bature ya taɓa kiwon raƙumi? Ina yag gane shi? Buhu hwa?"

"Sak."

"Bayahude ma sak! Ko wanke ta bai yi ba, haka yaɗ ɗauke ta da ƙurarta."

Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Ina! Bokiti, in ji shi, daga bakbuk ne, wato kwalba. In ka ce ai bokiti ba kwalba ba ne, sai ya ce, "Duka ba ruwa a ka zubawa ba?" Mota kuwa daga mot, wato mutuwa. Duk mai shakka, in ji shi, ya hau ta zuwa Gummi da damina. Babu kalmar da ta gagare shi. In ta ƙi ta gaba sai ya juyo ta ta baya, in ta yi tsawo ya gutsure mata wutsiya, in ta gajarce ya ce Turawa ne suka haɗiye sauran saboda sanyi.

Mutanen gari suka koyi dabarun zama da shi. Mai shayi ba ya cewa "biredi" in Tsoho na kusa, sai ya nuna da baki. Masu zuwa gona sukan zaga ta bayan masallaci. Wani malamin gona da gwamnati ta turo ya yi kuskuren cewa "fatalaiza" a ƙofar gidanmu da safe, sai da aka yi azahar da shi. Kakata, Allah Ya jiƙan ta, takan ce ita kaɗai ce macen da aka aura aka haɗa ta da ƙamus.

Amma kada ku ɗauka mutumin banza ne. A shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Tungar Guru da wasu garuruwa, tsoro ya shigo har namu, don mu ma ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Likitoci suka zo, har da Turawa, suna neman a kawo yara a ɗebi jininsu a auna. Iyaye mata suka ɓoye 'ya'ya a rumbu da bayan ɗaki. Tsoho ya sa babbar riga, ya dogara sanda har inda likitocin suka kafa rumfa, ya ɗaga hannu ya ce musu "shalom". Ba wanda ya gane, don ba Yahudawa ba ne. Bai damu ba. Ya dawo ya bi gida-gida yana cewa ya yi magana da su, ya auna harshensu, jikokin maƙwabtan annabawa ne da suka ɓace hanya, ba abin tsoro. Ya ɗauki tattaɓa-kunnensa a kafaɗa ya kai shi aka fara da shi. Matan unguwa suka bi bayansa suna dariya suna tsoro. A cikin yaran da aka kai ranar akwai waɗanda aka samu gubar ta yi yawa a jikinsu, aka ba su magani. Biyu daga cikinsu na ga sun zo gaisuwa, samari, gemu ya fara fito musu.

Sai rigimarmu. Na faɗa muku akwai gardama.

Lokacin na gama kwalejin horon malamai, Turanci na karanta, kaina ya kumbura har ɗankwali ba ya zama. Na dawo hutu na tarar da shi a zaure da abokansa, yana bayyana musu asalin tebur. Ya hango ni ya ce, "Ga Amarya, ta karanto shi tun daga tushe. Hwaɗa musu." Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na faɗa musu. Na ce malamanmu sun nuna mana Turanci danginsa daban, Ibraniyanci da Larabci danginsu daban. Na ce kamannin sauti ba ya zama hujja, ai jaki ma yana da kunne biyu kamar doki. Na ce raƙumi da buhu gaskiyarsa ne, suna cikin ƙamus, amma sauran duk shaci-faɗi ne. Shaci-faɗi na ce, a gaban tsaransa.

 Tsoho ya daɗe yana kallo na. Sannan ya gyara malafa ya ce, "Madalla. Ashe karatun ya shiga." Ya juya wurin abokansa. "Kun ji dai, tac ce raƙumi da buhu suna cikin ƙamus."

Inna ta kusa cinye ni ɗanya a cikin gida. Kwana uku ina kauce masa don kunya. Rana ta huɗu ya aiko a kira ni, na zo ina shirin durƙusawa, sai na ga ya buɗe sabon shafi. "Amarya, yaya Bature ka ce ma shaci-hwaɗi?" Ban ba shi haƙuri ba ranar, dariya ta hana. Daga baya kuma na ga kamar ya wuce. Shekara ashirin muna wannan gardama, duk zuwana gida, ban taɓa sakar masa ba, bai taɓa sakar mini ba. Haƙurin nan har ya koma ga Allah ban ba shi ba, kuma yana ci mini rai.

To, yadda 'yan zinari suka shigo ciki. Shekara uku da suka wuce, wani daga cikinsu ya zo ya durƙusa yana neman Tsoho ya ba shi laƙanin samun dutse mai kyau. Ya ji an ce tsohon nan yana ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ga shi da wani rubutu da ba malamin da ke iya karantawa. Tsoho ya ce shi ba ya tsibbu, amma tunda ya zo, bari ya gaya masa asalin kalmar injin. Ana cikin haka iska ta fizge wani shafi da ya yage. Mutumin ya take shi da ƙafa, ya jure bayani har la'asar, ya tafi da takardar. Ya kai wa baduku aka ɗinke masa laya. Cikin ikon Allah, a makon nan raminsu ya faɗa kan jijiyar zinari. Shi ke nan. Labari ya bi ramuka har Anka: akwai wani tsoho mai hatimin Banu Isra'ila, adaka guda. Tsoho da ya ji, ya yi ta neman shafin da ya ɓace, ya gano na kayan miya ne. Ya ce shi abin da ya dame shi, sai ya sake binciko asalin albasa.

Wannan labari shi ya tsaya wa Baffa a wuya. Baffa mutumin kirki ne, amma mai zafin wa'azi, irin waɗanda wandonsu ba ya taɓa idon sawu. Ranar uku, bayan an watse, ya tara mu a tsakar gida: Baba, Goggo, Inna, da ni. Ya ce dogon nan ya yi masa tayin babur sabo fil a kan adakar.

"Kun gani? Ubanmu ya mutu, ana zuwa sayen asirinai awa na boka. In munka bar takardun ga, gobe a sace su a yi ta ɗinka layu, zunubi shina bin shi kabari. Ranab bakwai zan hito da ita gaban kowa in sa mata wuta, a san gidanmu ba gidan tsibbu ba na."

Na ce, "Baffa, in ka ƙone ta gaban mutane, ai ka tabbatar musu akwai abin ƙonawa."

"Ke ba ke kac ce shaci-hwaɗi na ba? Gaban mutane kic ce!"

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ce na faɗa, kuma ni kaɗai ke da izinin faɗa, don ni ce matarsa. Goggo ta tuntsire. Baffa bai yi dariya ba. Na dubi Baba, shi ne babba, maganarsa ce za ta yanke. Baba malamin allo ne, mutum mai tsadar magana. Yana ta jan carbi, idonsa a ƙasa. Abin da ya ce kawai, a kai wa Liman.

Liman ya saurari kowa. Ya ce wa Baffa kowane shafi da sunan Allah a kansa, ba a yi masa wutar fushi a bainar jama'a. Ya ce mini ni ma ba a ajiye abin da zai jefa jahilai cikin shirka. Hukuncinsa: ranar bakwai, bayan addu'a, a buɗe adaka a karanta abin da ke ciki kowa ya ji. In asiri ne a san yadda za a yi da shi, in ba shi ba ne kowa ya kama gabansa. Sai aka dubi juna. Ajamin kowa zai iya, amma Turancin da ke cikinsa da ƙugiyoyin fa? Duk faɗin garin mutum ɗaya ce ta san su: ni.

Ranar bakwai aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, aka saki labule. Mata a bayana, maza a gaba har waje. 'Yan zinari sun ƙaru, sun kai ashirin, wasu na ga ta gefen labule sun kunna waya za su naɗi sauti. Baba ya ciro makullin, har yanzu da tsinken sakacen a jiki, ya buɗe. Warin tsohuwar takarda da na Tsoho suka bugo ni. Na ɗauki littafin da ke sama na yi Bismillah.

"Cokali. Bature ya ce sufun."

Na karanta abin da Tsoho ya ce Bayahude na cewa, da dogon bayanin yadda sanyi ya lanƙwasa kalmar. Na wuce tukunya. Na wuce tsani, da fitila, da kaza. Da farko ba ka jin ko tari. Dogon nan ya matso har gwiwarsa na taɓa labule. A kan agwagwa ya yi gyaran murya.

"Malama, a tsallake zuwa wurin zinariyar."

Na ce, "Ba a tsallake. Marigayi bai taɓa tsallake wa kowa ba."

Dattawan gari suka ce ƙwarai kuwa, da muryar waɗanda suka ɗanɗana. Na ci gaba. Ban san lokacin da muryata ta koma tasa ba, har da inda yake tsayawa ya ce "to, kun gani?" Littafi na biyu duk sassan jikin akuya ne. A na uku wayoyi suka fara komawa aljihu. Wani ya tuna ya bar injin niƙa a kunne. Wani ya fita kama ruwa, har yau bai dawo ba. Liman ya yi gyangyaɗi ya farka ya tarar muna kan bokiti, ya ce, "La ilaha illallahu, nan nib baro shi shekara goma da sunka wuce."

Dogon ya fi kowa juriya, na ba shi wannan. Sai da rana ta take tsaka ya ce a taimaka a duba masa ko akwai kalmar zinariya ko sau ɗaya. Na duba, akwai. Na karanta masa: Tsoho ya rubuta sunanta da harsuna uku, a ƙasa ya ƙara da cewa, "Wagga ba ta da amfani, ba a miya da ita." Mutumin ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce Allah Ya jiƙan malam. A bakin ƙofa na ji yana tambayar wani, to shi wane da ya samu, me ke cikin layarsa? Aka ce masa albasa.

Aka kira azahar, zaure ya watse. Baffa ya tsaya a kan adakar, ya ɗauki littafi ɗaya ya jujjuya, ya mayar a hankali. Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Ki ɗauke ta ki kai Gummi, kahin wani ya sake tambaya ta asalin wani abu." Ya fita yana goge ido, wai hayaƙin girki.

Saura ni da Baba. Na ɗaga labule ina mayar da littattafai, sai ya zura hannu can ƙasan adakar ya zaro wani siriri, bangonsa ya ci ya cinye. Ya miƙo mini. Shafi ɗaya ne kawai aka rubuta a farkonsa, kalma bakwai. Raƙumi, buhu, ido, ƙasa, da wasu uku. A sama, ƙarƙashin Bismillah, da ajamin Tsoho lokacin hannunsa bai fara rawa ba: "Hujjojin da zan kai zaure saboda Amarya."

Na dubi Baba.

Ya ce, "Ba ki san wannan ba. Kina shekara shida anka zo rubuta yara makarantar boko. Shi yac ce a sa ki. Ni nic ce a'a. Malamaina duka sun ce harshen kahirai na, ɗiya mace ba ta shiga. Kahin wannan shekara, littahin Bayahuden nan shina cikin adaka, ko zancenai ba ya yi."

Na ce, "To ai ubanka ne. Me ya hana ya ba ka umarni kawai?"

"Haka Goggonki tac ce mishi. Yac ce in ya tilasta min, zan bi, amma randa yam mutu zan hisshe ki. So ya kai in yarda." Baba ya ɗan murmusa. "Ya tara mu zauren ga, ni da malamaina, da kalmomin ga bakwai. Yac ce wanga harshe na mutanen Annabi Musa na, ya ɓata, wa ya isa ya haramta shi? Juma'a ukku muna abu guda. Ba hujja tac ci mu ba, gajiya ta. Babban malaminmu yac ce a sa ta, a sa ta, don Allah a bar mu mu tahi gida. Ke da ɗiya huɗu mata kunka shiga shekaran nan."

"Sauran littattafan fa?"

"Tsoro shi kai kada a ce hujja ta ƙare a hisshe ki. Duk zango sai ya ƙaro sabbi ya bi mutane da su. Har kinka gama. Daga nan kuma ya riga ya saba." Ya ja carbi biyu. "Randa kinka ƙaryata shi gaban mutane, ya shigo wurina da la'asar. Na zaci faɗa za shi yi. Yac ce, ka ji ɗiyarka? Ta kai inda za ta kada ni. Ban taɓa ganin shi da farin ciki irin na ran nan ba."

A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata. Na yi shi da ƙarfi, ba kunya, har Inna ta fito da ludayi a hannu.

Ban sani ba ko ya yarda da maganarsa har zuci, ko kuwa tun farko ya san inda ta yi rauni. Na tambayi Baba, ya ce shi ma bai sani ba, kuma yana zaton Tsohon ma daga baya ya daina sani.

Adakar tana ɗakina a Gummi yanzu. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mu ya tambaye ni ko zinari ne a ciki, don nauyi. Da na zauna na bi littattafan a tsanake, na tarar da abin da ban kai gare shi ba ranar bakwai. A na ƙarshe, inda rubutun ya koma kamar tafiyar tururuwa, akwai shafuka da ya jera kalmomin da suka gagare shi. Ashe akwai su. Bai cika gurbin Ibraniyancin ba, ya bar shi fari. A gefen kowace ya sa: "A tambayi Amarya."

Ina da babban ƙamus mai faɗin asalin kalmomi. Kullum in na taso daga makaranta, kafin in ɗora tukunya, nakan ɗauki guda ɗaya in duba, in rubuta masa amsa da ajami a gurbin da ya bari. Yawancinsu abu ɗaya nake rubutawa: Tsoho, wannan ma ba daga can take ba. Na san da yana nan zai ce in juyo ta ta baya.

Allah Ya jiƙan ka, mijina marar haƙori. Allah Ya yalwata maka kabari, Ya sa ka a inuwar da annabawa suke, ka ji harshen daga bakin masu shi. In ka samu Annabi Musa da sarari, don Allah ka bar shi ya huta tsakanin tambaya da tambaya. Ka yafe mini shaci-faɗin nan. Raƙumi da buhu suna cikin ƙamus, ni kuma ina gaban aji.